Waƙar Gidan Kuka

Na daɗe ina kewaya wannan babi, na rubuta na gabansa, na rubuta na bayansa, har ranar da Mariya ta dawo daga biki a Gazawa fuska a murtuke. Wai wata mata ce ta tare ta a cikin taro ta tambaye ta ko ita ce ɗiyar wan Rabe mai mugun baki. Ta ɗauki mayafinta ta bar wurin. To Mariya, ke da sauran 'yan'uwanki, ga amsar nan zan rubuta muku. Ba za ta yi muku daɗi ba, ni ma ba ta yi mini, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na kai shekarun da mutum ba ya ajiye magana sai gobe.

Kakanku makaɗin gangar noma ne a Gangara. Ba ku same shi ba, kuma ba ku sami gayya irin ta da ba, wadda za a jera majiya ƙarfi a bakin gona tun hantsi, makaɗi yana biye da su yana kiran kowa da takensa. Take shi ne 'yar maganar da ganga ke yi wa mutum shi kaɗai, ya ji ta ko daga nesa ya san da shi ake. Na ga dattijon da ƙugu ya hana shi tashi daga tabarma, Baba ya kaɗa masa takensa, ya miƙe ya nemi hauya. Ni ne ɗan fari, don haka ni na fara rataya ganga, kuma ni na fi shan gula a ka. Duk sanda na yi kuskure sai ya ƙwanƙwashe ni da ita ya ce:

"Lawali, ganga ba ta da halshe, hawa da sauka gare ta. In ka hau inda aka sauka, ka zagi mutum ba ka sani ba."

Rabe kuwa, ƙanena, autan Inna, shekara goma sha biyu ce tsakaninmu. Shi gula ba ta taɓa kansa ba, don ko da ya tasa Baba ya tsufa ya yi sanyi. Allah ya ba shi murya, ya hana shi zama wuri ɗaya. Yaro ne da in an aike shi rijiya sai ya dawo da waƙa ya manta guga.

Bayan rasuwar Baba gayya ta ja baya, kowa ya koma noman kansa, ganga ta zauna a rataye ɓeraye suna gwada haƙoransu a jikin fatar. A wannan tsakanin ne wani ɗan unguwarmu ya dawo daga cin rani da fiyano, ya yi ta dannawa wata biyu yana hana maƙwabta sakewa, da ya gaji ya bar mini shi. Ni ma da farko hayaniya kawai nake fitarwa. Sai wata rana babban yatsana na hagu ya faɗa kan wani ɗan abu mai juyawa a gefe, wanda muka sa wa suna gare, na ji sautin ya lanƙwasa ya sauko. Na sake turawa, ya hau. Abin da na ji shi ne hawa da saukar nan na Baba. Kafin damina ta wuce na koya wa fiyano taken duk manoman da na sani, Rabe kuma ya ɗora murya a kai. Babu wuta a garinmu lokacin, da batirin mota muke aiki, mu ɗora shi a amalanken jaki tare da lasifika biyu. Daga nan mutane suka sa mana 'Yan Batir, ba mu muka zaɓi sunan ba, kuma bai taɓa barinmu ba.

Kada ku ɗauka an karɓe mu hannu bibbiyu. Dattawa cewa suka yi 'ya'yan makaɗi sun lalace, sun ajiye gadon ubansu sun ɗauki akwatin nasara. Wanda ya fara juya musu ra'ayi shi ne Sarkin Noma Nomau, abokin Baba, mai gidan da ake kira Gidan Kuka saboda wata tsohuwar kuka da ke ƙofarsa, wadda mutum biyar ba sa kewaye ta da hannu. Ranar kasuwa yana wucewa da buhun wake a kan jaki, na hango shi, na sakar masa takensa da fiyano. Ya tsaya cak. Ya waiga gabas ya waiga yamma yana neman ganga, sannan ya tako har gabana ya leƙa ƙarƙashin teburin da na ɗora fiyano.

"Kai ɗan nema, ina ka ɓoye tsohon? Wanga hannun ubanka ne!"

Ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa na sunkuyar da kai don kada a ga nawa. Daga ranar babu bikin da za a yi a yankinmu ba a kira mu ba. Mun kaɗa a Cadawa, mun kaɗa a Agye, mun kaɗa a ƙauyukan da ko babur ba ya shiga sai an tura. Sau ɗaya har Gidan Rumji aka ɗauke mu a bayan motar hatsi, Gobirawa suka yi ta tsokanarmu wai Katsinawa sun sa akwati magana don bakinsu ya gaji da ƙarya, amma sai da suka riƙe mu kwana uku. Ina tuna dawowarmu da kaka, rana tana sunkuyawa, damman gero jere a gonaki, jaki yana tafiyar ganin dama, Rabe kwance a kan lasifika yana gwada sabuwar waƙa, ni ina gyara masa. A rayuwata ban ƙara samun kwanciyar rai irin ta bayan amalanken nan ba.

Shekarar da komai ya juya ita ce shekarar da waya ta cika hannun yara, kowa da ɗan katinsa na waƙoƙi. Rabe ya je Maraɗi da niyyar kwana biyu ya yi wata huɗu, ya dawo da na'ura mai ƙwaƙwalwa a jaka, odinatar, da wani sabon aski da ya sa Inna ta tambaye shi ko wanzamin ya rasu ne bai gama ba. A cikin na'urar nan akwai ganguna fiye da waɗanda Baba ya gani a rayuwarsa, ba sa gajiya, ba sa kuskure. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda take yi da murya. Rabe zai rera da muryarsa mai kyau, wadda na san ta tun tana ta jariri, na'ura ta kama ta, ta miƙar da ita, ta goge ta, ta fito da wani siririn abu mai ƙyalli kamar ana waƙa ta cikin bututun ƙarfe. Kiɗan ya ƙara sauri, take ya ragu, kirari ya koma kalma biyu ana ta maimaitawa. Na ce masa wannan ba waƙa ba ce, injin niƙa ne. Ya ce:

"Yaya, in kiɗi ya sauya rawa ma sai ta sauya. Kai ma hwa haka anka ce maka da ka aje ganga."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Kafin a ankara masu sauraronmu sun rabu biyu, 'yan tsohon hannu da 'yan sabon hannu. Mai ɗora wa mutane waƙoƙi a waya a kasuwar Gangara sai da ya koma tambayar duk wanda ya ce a sa masa 'Yan Batir, na Lawali ko na Rabe? A rumfar mai shayi an yi musun da ya kai ga kifar da kofuna. Dattawan nan da suka zage ni saboda fiyano su ne yanzu suka zama masu kare shi, suna cewa shi ne kiɗan iyaye da kakanni, abin dariya abin takaici. Samari kuwa, har masu kiwo da ke rataya waya a wuya suna bin shanu, na Rabe suke so, wai nawa kiɗan masu ciwon gwiwa ne. Rabuwar ba ta tsaya a waje ba. Wata safiya na shigo gida na tarar da uwarku Habsu tana daka, taɓarya na faɗuwa daidai da kiɗan Rabe, ku kuna zagaye da turmi kuna tsalle. Na tsaya ina hararar ta.

"Malam, kada ka cinye ni da ido. Naka na zama ne a saurara, wanga kuwa shi ka sa gero ya daku da wuri."

Inna tana gefe tana tsince yakuwa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce:

"Ubanku da yana da rai, da ku duka biyun ya ƙwanƙwashe."

Yau da nake rubutun nan zan faɗi abin da ban faɗa ba a lokacin: kiɗan Rabe yana da daɗi. Na sha kama ƙafata tana motsi a ƙarƙashin riga, in danne ta. Ba lalacewar waƙa ce ta fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne mun fara zuwa biki ina zaune a bayan fiyano kamar mai gadi, na'ura tana yin komai, yara suna kiran sunan Rabe, babu mai waiwayata.

Da kakar shekarar Sarkin Noma Nomau ya tashi aurar da ɗansa Sanusi, amarya 'yar Cadawa. Ya aiko a ce yana son waƙa ta musamman. Sanusi, da yake ɗan sabon hannu ne, ya bi ta bayan fage ya roƙi Rabe ya haɗa ta a na'ura. Rabe ya kulle kansa a ɗaki kwana shida. Biki ranar Asabar ne. Ranar Talata da hantsi ya leƙo zaure inda nake gyaran igiyar lasifika.

"Yaya, zo ka saurara mini. Kunnenka ya hi nawa."

Na bi shi. Ya danna, waƙa ta tashi, kuma ta yi kyau, har aka zo amshi: amarya ta shiga Gidan Kuka. A nan sai na tsaya na yi muku bayani, don a takardar nan da nake rubutu kalmomin biyu kamarsu ɗaya. Kuka itace, murya takan hau a farkonta ta sauko a ƙarshe. Kuka na hawaye kuwa, sama take farawa sama take ƙarewa. Ba wanda ya koya muku, amma ba ku taɓa haɗa su ba. Rabe da bakinsa daidai ya rera. Na'urar ce, garin miƙar da murya, ta ɗaga ƙarshen kalmar ta daidaita shi da farkon. Abin da ke fitowa daga lasifika shi ne amarya ta shiga gidan da ake kuka. Kuma don ya ƙawata, Rabe ya sa na'ura ta riƙa tsinka kalmar tana maimaitawa, kuka, kuka, kuka. Shi ya saurare ta sau ɗari, ya san abin da yake nufi, kunnensa abin da ke ransa yake jiyo masa. Ni kuwa jin farko na ji.

Ya kashe ya juyo yana kallona, idonsa jajur don rashin hutu, yana murmushi irin na yaron da ya kawo allo a duba masa.

"Akwai gyara, Yaya?"

Gyaran bai fi na minti biyar ba. Na san haka. Na dube shi, na tuna rumfar mai shayi, na tuna masu ciwon gwiwa, sai wata murya a raina ta ce bar shi ya sha kunya sau ɗaya, zai dawo hanya, ku koma bayan amalanke kamar da. Na ce:

"Ka gama aikinka."

Na fita na koma kan igiyata. Laraba ta zo, Alhamis ta zo, Juma'a muka tafi masallaci tare kafaɗa da kafaɗa, ban ce komai ba.

Ranar Asabar bayan la'asar an cika ƙofar gidan Nomau maƙil, a inuwar kukar nan. Dangin amarya daga Cadawa suna gefe guda a kan tabarmi, mata sun sha lalle. Rabe ya saki waƙa, samari suka zuba a fili, ƙasa ta ɗauki rawa. Da amshi ya zo, masu rawa ba su ji komai ba, ƙafarsu kawai ke saurare. Tsofaffin mata ne suka fara ji. Mai guɗa ta ɗaga hannu za ta kama hanci, ta sauke. Aka sake amshi, na ga gwaggon amarya ta dafa ƙirji tana salati. A karo na uku ta miƙe tsaye.

"Ku kashe abin ga! Wane irin hwata ne wanga? Mun kawo ɗiyarmu lahiya lau, a ce ta shiga gidan kuka?"

Wuri ya rikice. Samari suna ihu a bar musu kiɗa, mata suna a'uziyya, Rabe ya kashe na'ura yana rarraba ido bai gane laifinsa ba. Nomau ya taso da sandarsa, bai je wurin Rabe ba, wurina ya zo.

"Lawali, kai ɗan makaɗi ne. Hwaɗa mini tsakaninka da Allah, mi abin ga ya ce?"

Na ce abin da gwaggo ta ji shi ya ce. Na ƙara da cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ni ba hannuna a ciki. Sannan na jawo fiyano na ɗora yatsa a kan gare, na kaɗa amshin yadda ya kamata, na hau na sauko, na bi shi da taken Nomau. Mai guɗa ta rangaɗa, dattawa suka yi ta sa mini albarka, gwaggo ta zauna. Na ci nasara a gaban gari guda. Da na ɗaga kai, Rabe yana naɗe wayoyinsa shi kaɗai. Ranar Litinin ya hau mota zuwa Maraɗi.

Na yi zaton wata guda zai yi ya huce. Da shekara ta zagayo matar Sanusi ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Ikon Allah ne, kuma bayansa ta haifi biyar duk suna nan, amma bakin mutane bai jira biyar ɗin ba. Aka ce bakin Rabe ne. Sunan da aka jefe ki da shi a Gazawa, Mariya, daga nan ya samo asali. Waƙar kuma ba ta mutu ba, ta bi katunan waya ta shiga garuruwan da ba su san Nomau ba balle kukarsa, suka ɗauka waƙar rabuwar amarya da gida ce, suna sa ta ranar rakiya mata suna share hawaye. Har yau 'yan sabon hannu suna cewa ita ce gwanar waƙoƙinmu, 'yan tsohon hannu kuma in sun ji ta sai su tofar da yawu.

Ni kuwa nasarata ba ta kai kaka biyu ba. Masu sa mini albarka ba su ne masu yin aure ba, samari ne, su kuma ba sa son fiyano babu murya. Na gwada mawaƙa biyu, duk na kore su, don ba Rabe ba ne. Daga ƙarshe na lulluɓe fiyano da tsohon zanen uwarku na koma gona. Rabe yana aiko wa Inna saƙo, amma ba ya zuwa, ko da salla. Da ciwon ajalinta ya kama ta, wata rana da azahar ina ba ta kunu, ta ture cokalin ta dube ni.

"Lawali, ɗakin Rabe da zaure taki nawa ne?"

Na ce bai fi goma ba.

"Kai da kake jin gangar ubanka daga bayan gari ka hwaɗi wa aka kira. Kwana shida yaron nan yana kunna abin nan, ba ka ji ba?"

Ba ta sake tambaya ba. Ta karɓi cokalin da kanta. Rabe ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, ya yi kwana uku a zaure kansa a ƙasa, ya koma.

Bara, bayan an gama girbi, na shirya na tafi Maraɗi ban gaya wa kowa dalili ba. Na same shi a ɗan shagonsa, yana haɗa wa yara kiɗa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya sallami yaran ya shimfiɗa mini darduma. Ban tsaya dogon gaisuwa ba don kada zuciyata ta karaya. Na ce masa ranar nan da ka kira ni ɗakinka na ji, tun jin farko na ji, na yi shiru da gangan. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora, da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi.

"Yaya, ni hwa duk shekarun ga kunyarka nike ji. Cewa nike na zubar maka da mutunci gaban abokan Baba, da wane ido zan dube ka. Shi ya hana ni zuwa gida. Shi ya hana ni zuwa wurin Inna."

Sai ya tashi ya leƙa waje ya ce a kawo wa Yaya ruwa. Da zan tafi ya rako ni har tasha yana riƙe da jakata, ya tsaya sai da mota ta tashi. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ga ina da bakin tambaya ba.

Saboda haka, 'ya'yana, ku daina sunkuyar da kai in an ambaci baffanku. Duk wanda ya sake ce muku Rabe mai mugun baki ne, a biki ko a kasuwa, kada ku bar wurin. Ku tsaya ku gaya masa cewa biki Asabar aka yi, ubanmu kuwa ya ji tun ranar Talata.